Macen Giginya a Rufin Teyatur

Alfari ya ɗaga ƙotar gudumarsa ya ƙwanƙwasa rufin, sannan ya kara kunne. Ƙwas, ƙwas. Ya sauko, ya ja tsani gaba, ya sake hawa, gwiwoyinsa suna ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Bakan gini na biyu ma ya amsa masa lafiya lau. Da ya iso na uku sai ya tsaya yana gyara hula, yana kallon wani gidan zanzaro da bai tare masa komai ba. Magini ne da ba ya tsoron hawa, amma shekara goma sha biyu ke nan duk sa'ad da ya zo wannan bakan sai ya yi ta jinkiri.

Ya ƙwanƙwasa. Dum, kamar ya bugi ƙwaryar da aka kife a ruwa. Cikin bakan ya zama fanko.

Duk Gaya babu wanda bai san ɗakin wasan lakwal ba, wato makarantar boko, ɗakin da ƴan boko ke kira teyatur. Baƙon da ya ƙetaro kogi daga Dahome da shi ake yi masa kwatance. Wani kumanda, Baturen mulki mai son wasan kwaikwayo, shi ne ya sa aka gina shi a ƙarshen zamanin aikin dole, Alfari kuwa shi ya ɗaure bakunansa biyar. Mutanen Yelu ne suka yi dakon azara a ka. Kowane magini ya san namijin giginya ake sarewa, shi ne mai tauri har ciki, gara ba ta iya masa. Macen kuwa taurinta a waje ne kawai, cikinta ɓargo.

To, ranar da aka kawo azarar baka na uku, kallo ɗaya Alfari ya yi mata ya gane. Ya dubi shugaban ƴan dakon, Siddo, wan matarsa, ya ga kafaɗarsa ta saɓule, ga gero ya nuna a gonaki babu mai yanka. Mazan giginya na kusa duk an sare su, sai an yi tafiyar yini biyu. Ga gardi, dogarin kumanda, tsaye da bulala yana tambaya, "Itace ya yi kyau?" Alfari ya ce ya yi. Ya ɗaure bakan da hannunsa, ya shafe shi da yaɓe mai kauri. Tun daga nan kowace shekara sai ya zo gyara ba tare da an kira shi ba, mutane suna cewa son aikinsa ne ya yi masa yawa.

"Baba Alfari, sauko ka gani!"

Malam Alassan ne, diraktan lakwal, wanda ake kira Mushe da Faransanci, riƙe da wani faffaɗan allon katako da fentinsa bai gama bushewa ba. Saurayi ne mai hanzari, ko gaisuwa a guje yake yin ta.

"Gobe fet ta katorz, bikin Faransa, kumanda zai zauna nan, sarki nan, yara ɗari biyu a baya. Wasan da muka shirya tarihin ɗakin nan ne tun daga tubalin farko. In an gama mu kafa wannan a ƙofa. Ka ga wannan layin? Sunanka ne. Alfari, magini."

Alfari bai iya karatun boko ba, amma ya daɗe yana kallon farin fentin. Wani daɗi ya ratsa shi, kunya ta biyo baya nan take.

"Rufi lafiya dai?" in ji Mushe, ya riga ya juya zai tafi.

"Ana dubawa," in ji Alfari.

Da rana matarsa Ajuma ta ajiye masa tuwo da miyar kifi, ya gutsura sau biyu ya wanke hannu. Ta zauna a kan turmi tana kallonsa.

"Malam, ko kifin ne ya yi maka laifi?"

Sai ya gaya mata zancen macen azarar. Bai taɓa gaya wa kowa ba, har Siddo ya rasu ba su tada maganar a tsakaninsu ba. Ajuma ta kama bakin zaninta tana murzawa.

"Shekara goma sha biyu yana tsaye," ta ce. "Gobe ɗaya ce za ta kada shi?"

"Ruwan shekaranjiya ya shiga ƙasar rufin, nauyi ya ninka. Gobe a buga ganguna, yara su yi ta dire-dire. Ƙila ya tsaya. Ƙila."

"In ka faɗa fa?"

"Kumanda ya ce na cuci gwamnati. Magina su cire ni daga gabansu. Wa zai sake ba ni ko katangar awaki?"

"Za ka ambaci Yaya Siddo?"

Alfari ya ture kwanon gefe. Ajuma ta tashi ta rufe tuwon. Tana bakin madafa ta ce, ba tare da ta waiwayo ba, "Bibata ta ce su ƴan waƙa a tsakiyar ɗaki za a jera su."

Bibata jikarsu ce. Tsakiyar ɗaki kuwa, Alfari ba sai an auna masa ba, nan ne ƙarƙashin baka na uku.

Bayan la'asar ya koma. Ya tarar ana gwajin wasan, ɗaki ya cika da hayaniya. An ɗaura wa wani dogon ɗalibi gemun auduga, wai shi ne Alfari, yana nuna azarar kara yana cewa da ƙarfi, "Wannan itace zai kai shekara ɗari!" Yara suka tafa. Bibata ta hango shi daga cikin layi ta yi masa gwalo.

"Ga mijina tsoho, ya zo ganin kansa!"

Ran nan bai rama tsokanar ba. Ya ja Mushe Alassan gefe.

"Mushe, a fitar da yaran nan. Bakan can ya mutu."

Mushe ya ɗaga kai ya dubi rufin, sumul, fari tas da farar ƙasa.

"Baba, ban ga ko tsaga ba."

"Ba za ka gani ba. Ni na shafe shi."

"Don Allah, Baba. An aika wa kumanda takarda, an gayyato mutane har daga Karakara. Yini ɗaya kawai. Jibi ka rushe shi duka in kana so."

Alfari ya ga tsoro a idon yaron, irin tsoron da shi ma ya ji a gaban gardi, sai tausayinsa ya kama shi. Duk da haka ya juya ya bar shi. Ya daka wa ƴan waƙa tsawa su matsa jikin bango, irin tsawar da Bibata ba ta taɓa ji daga bakinsa ba. Ya jingina tsani ya hau, ya juya gudumar ta wajen ƙarfe, ya fasa yaɓen da ya yi shekara goma sha biyu yana lallaɓawa. Ya cusa hannu har wuyan hannu cikin azarar, ya damƙo, ya buɗe tafinsa. Jan gari ya zubo a kan benci, gara na ta watsewa a cikinsa.

Mushe Alassan da kansa ya riƙa tura yaran waje. Da ya dawo, Alfari ya riga ya sauko yana karkaɗe hannu.

"Gara ce ta yi wannan?"

"Macen giginya ce. Gara abincinta ta samu."

"Wa ya kawo ta?"

"Ni na karɓa."

"Na ce wa ya saro ta, Baba? Dole in rubuta wa kumanda."

"Rubuta masa magini ya gani da idonsa, ya ce ta yi kyau. Iyakar tarihin ke nan."

Mushe ya zauna a bakin dandamali ya dafe kai. A waje ana jin wani malami yana tara yara a gindin maɗaci, wai su ci gaba da gwaji a can. Alfari ya shiga bayan ɗakin ya jawo wani gungumen namijin giginya da ya ɓoye tun bara, suka kama shi su biyu suka miƙar a ƙarƙashin bakan. Amma daɓen ya sha danshi, gindin gungumen sai nutsewa yake yi.

"Sai an sa masa faffaɗan abu a ƙasa," in ji Alfari.

Ya waiwaya. Allon yana jingine a bango, fentin ya bushe. Ya ɗauko shi ya jinjina, katako ne mai kyau, mai kauri.

"Baba, sunanka ne fa," in ji Mushe.

Alfari ya kife shi a ƙasa, rubutun yana duban daɓe, ya daidaita shi da ƙafa.

"Kama can, Mushe," ya ce. "Ɗaga a hankali."