Takarda Biyu Daga Tsallaken Titi

Ni ce mai shara a ofishin ɗan majalisarmu, ni ce kuma mai dafa shayi, saboda haka ba abin da ke wuce kunnena. Onarabul muke ce masa. Na san shi tun yana tsoron kaji, don gida ɗaya muka yi haya da mahaifiyarsa.

Yana da wata ɗabi'a. Duk Laraba mutane su zo su rubuta kokensu, sakatare ya ware takardun tuli-tuli a kan dogon tebur: na ruwa daban, na makaranta daban, na kasuwa daban. Idan majalisa za ta koma zama, sai Onarabul ya zo ya ɗora yatsa a gefen kowane tuli. Ukun da suka fi kauri su yake ɗauka ya tafi da su. Wai yatsa ba ya son kai.

Ƙanwata tana tsallaken titi. Da can ƙaramar hanya ce, har hira muke yi daga bakin ƙofa zuwa bakin ƙofa. Bara aka faɗaɗa ta, motoci layi uku na tafiya, layi uku na dawowa, ba gada, ba fitilar ba da hannu. Asibiti kuwa yana ɓangarenmu. Ni idan zan je wurinta sai na shiga mota ta zagaya da ni can ƙarshen gari. Ita mota jiri take sa ta, ga gwiwa, ga hawan jini. Wata biyar likita bai auna ta ba, maganinta ya kusa ƙarewa, kuma ba sa ba da sabo sai sun ga mutum.

Tulin titi takarda biyu ne. Ɗaya tawa ce, da rubutuna mai kama da sawun tururuwa.

Na ce wa sakatare, "Ɗan nan, ka ɗan matso da namu gaba mana."

Ya ce, "Inna, biyu ne fa. Mutanen can ba su damu ba."

"Ta ina za su biyo su kawo maka? Ta sama?"

Ya yi dariya ya ci gaba da latsa waya. Budurwa yake nema a ofishin sama, ita kuma direban Onarabul take so, amma wannan labarin wata rana ne.

Ranar ɗora yatsa, bayan azahar, na zauna a benci kusa da taga. Fanka na juyawa a hankali, takardun suna ɗagawa suna kwanciya kamar masu numfashi. Zafi ya sa kwalta tana rawa, gidajen tsallake suka zama kamar suna yawo a kan ruwa. Tsofaffi na zaune a inuwar shaguna, jere, ka ce jirgi suke jira. Idona ya lumshe. Na ga titin ya zama kogi mai sanyi, motocin kifaye, ƙanwata ta tattare zane tana takowa, ruwan ko idon sawunta bai kai ba. Tana dariya irin tata ta ƙuruciya.

Ƙarar ƙofa ta tashe ni. Onarabul ne, ya riga ya zaɓi ruwa, makaranta, da rufin kasuwa.

Na fita na aiki direba sayen sukari a shagon da na san yana rufe. Na dawo da shayi na ce, "Ranka ya daɗe, malaminka na firamare yana tsallake ba lafiya. Yana ta gaya wa mutane wai ka yi girman da ba ka gaida kowa."

Ya ajiye kofin. "Ni? Ina direba?"

"Ya ɗan fita. Ai ga gidan can, mai koren ƙofa. Taku nawa ne."

Ya fita. Na koma taga.

Ya ci layi uku na farko da gudu, takalmi ɗaya ya kusa barinsa. Ya hau ɗan tudun tsakiya, daga nan shi ke nan. Gaba ba hali, baya ba hali. Farar rigarsa na kaɗawa duk sanda babbar mota ta wuce. Ya ɗaga hannu irin na masu mulki, ba wanda ya ko rage gudu. Inuwarsa ta yi ta tsawo a kan kwalta. Tsofaffin tsallake suna kallonsa, ƙanwata har da ɗaga masa hannu. Sakatare ya tafi ceto, shi ma ya maƙale, suka zama biyu.

Sai wajen la'asar wani mai tirela ya tausaya musu suka dawo. Onarabul ya sha ruwa kofi biyu. Ya tsaya gaban tebur ya daɗe, sannan ya mayar da tulin kasuwa, ya ɗauki takardun nan biyu ya sa a jaka.

Ya ce, "Inna, da gaske malam ya faɗi haka?"

Na ce, "Ya so ya faɗa."

Matan kasuwa sun daina amsa gaisuwata, don sakatare bakinsa ba ya riƙe magana. Majalisa ta yarda da fitila, an haƙa ramukan turaku huɗu, an ce sati mai zuwa za a kafa ta. Ƙanwata ta wanke zanen fitarta ta goge. Kullum da safe sai ta kira ni ta tambaya ko dogon likitan nan mai fara'a yana nan. An canja masa wurin aiki tun watan jiya, amma ban gaya mata ba.