Laƙabin da Ya Kwana a Kisumu

An fito da akwatin gawar Mzee Ogutu, mata sun ɓarke da kuka, Awiti kuwa gumi ke tsiyayo mata a gindin mangwaro. Aikinta ɗaya ne yau: ta aika hoton jana'izar kai tsaye ga Anyango, 'yar marigayin, wadda ke aikatau a Doha, aka kuma hana ta hutun zuwa gida.

Kwamfutar Awiti ta ƙi tashi tun safe, sai ta baro ta a gida, can birnin Kisumu, ta ɗauko ta Ochola, abokin sana'arta. Ta buɗe baƙar tagar umarni ta buga "tafi", kamar kullum. Kwamfuta ta ce ba ta san wannan umarni ba.

Sai ta tuna. Ai "tafi" laƙabi ne kawai da ta raɗa wa wani dogon umarni mai buɗe manhajar watsa hoto da kyamara da makirufo gaba ɗaya. Laƙabi kuma ba ya bin mutum, a kwamfutar da aka raɗa shi yake zama.

"Madam mai sauri, yaya dai?" in ji Ochola, yana gyara ƙafar kyamara.

"Don Allah bari. Laƙabina yana cikin waccan kwamfutar."

"Sau nawa na ce ki rubuta shi a fayil, ki zuba a filas ki riƙa yawo da shi? Kika ce adana umarni a fayil aikin tsofaffi ne."

"Ochola, ba yanzu ba!"

Ta fara bugo dogon umarnin da ka. Ina! Tun bara yatsunta suka saba da gajeren, na asalin ya bi ruwa. Ta buga, kuskure. Ta sake, manhaja ta buɗe, kyamara babu. Fasto ya rufe littafinsa, samari suka kama igiyoyin saukar da akwatin cikin kabari. Wayarta sai kaɗawa take a aljihu, tsoro ya hana ta dubawa, saboda ta riga ta san mai kiran.

Ochola ya daina tsiya, ya durƙusa suna lalube tare, saiti bayan saiti. Da ƙyar hoto ya tafi.

Abin da kyamara ta kama shebur ne da jar ƙasa, rami ya kusa cika.

Sai a lokacin ta ɗaga wayar. Muryar Anyango a dishe, ba faɗa ko kaɗan.

"'Yar'uwa, yanzu ina gani. Ce musu su ɗan jira, ban ga Baba ba tukuna."