Ganye Biyar a Ƙarƙashin Puri

Shekara talatin da huɗu Masta Kedar Dube ya yi yana koyar da kimiyya a wata sakandare a Gonda, kuma duk ajin da ya bi ta hannunsa ya ga husufin rana a kan tebur. Sai ya sa a rufe tagogi, ya kunna tocila, ya ajiye kabewa, ya riƙe lemo a tsakani. "Ga rana, ga wata, ga duniya. Inuwa ce kawai, jakuna! Ina dodon da ya haɗiye rana a nan?" Yara su kwashe da dariya, shi kuma ya ɓare lemon ya shanye a gabansu. Amma na gaske, cikakke, wanda gari ke yin duhu har taurari su fito, bai taɓa gani da idonsa ba, ga shi har ya yi ritaya.

Don haka da aka ce a daminar nan za a yi shi a Banaras, minti uku cur, zama ya gagare shi. Shi ne shugaban Ƙungiyar Buɗe Ido, su goma sha ɗaya, yawancinsu tsofaffin malamai masu ciwon gwiwa da yawan gardama. Sakatarensu Lallan Prasad, mai kantin magani, shi ya kawo shawara. Tunda mutane sun ce duk abincin da husufi ya riska ya ƙazantu sai in an jefa masa ganyen tulsi, wani tsiro da suke ɗauka mai tsarki, to su za su hau saman benen wani masauki a bakin kogi, su yi karin kumallo ana tsaka da yi, a gaban 'yan jarida, ba ganye ba komai. Masta ne zai fara kai loma.

Ana gobe tafiya matarsa Urmila ta ce, "Baban Nilam, da ni za a je."

"Ke? Wankan kogi za ki? Kar ki ja mini abin magana."

"Rana zan je gani. Ko ita ma sai mai takarda?"

Ya yi tsaki, ya ce ta dafa abin da zai ishi mutum goma sha biyu.

Da safe ta soya puri, 'yar gurasar nan ta alkama, tuli guda, ta yi dankali da yaji, ta shirya su a kwano mai hawa huɗu, ta shiga ɗaki ɗaura sari, dogon zanen matansu. Masta na tsaye a tsakar gida da lema a hammata. Ga kwano a kan dakali, ga tukunyar tulsi a gefensa, wadda mahaifiyarsa ta dasa kafin ta rasu. Ya dubi ƙofar ɗaki. Ya tsinki ganye biyar, ya buɗe hawan ƙasa, ya ɗaga puri ya tura su can ciki, ya rufe da sauri har murfin ya cije masa yatsa. Babba da shi, mai furfura, yana sanɗa a gidansa kamar ɓarawon kaji.

Abin yana da tushe. Shekara ashirin da tara da suka wuce an yi wani husufin, rabi ne a wajensu, unguwa duk ta rufe ƙofa. Urmila na da cikin wata bakwai. Mahaifiyarsa ta kwantar da ita a ɗaki, ta ɓoye wuƙaƙe da allurai, don wai mai ciki in ta yanka abu a lokacin, a kan ɗan zai fito. Shi kuwa yana matashin malami, jini na tafasa. Ya jawo matarsa tsakar gida, ya miƙa mata wuƙa da kabewa, ya ce ta yanka, ya sa ta ci, tsohuwa na kuka tana dukan ƙirji. Bayan wata biyu aka haifi Nilam da tsagaggen leɓe.

An ɗinke shi, sau biyu, a Lucknow. Yarinya ta girma, ta yi karatu, ta yi aure. Masta ya san ba ruwan wuƙa da leɓe, zai iya zana maka dalilin a allo. Amma mahaifiyarsa har ta mutu in ta dubi jikarta sai ta juyo ta dube shi. Yanzu kuma Nilam ce ke da ciki, wata shida. Ba ita za ta ci purin ba, ba ta ma cikin tafiyar. Duk ya san wannan. Hannunsa ne bai sani ba.

A jirgin ƙasa Lallan ya ishi kowa da surutu. Ya raba tabarau na kwali masu baƙin fim, ya yi wa wani mai carbi a wuya lacca har mutumin ya canza kujera. Masta ya rungume kwano a cinya. Dabararsa ita ce gobe shi zai buɗe, ya raba hawa uku na sama, na ƙasa ya ja gabansa.

Washegari tun da asuba suka hau saman benen. Ƙasa kuwa, matakalan bakin kogi ba masaka tsinke, mutane dubbai tsaye cikin ruwa zuwa ƙugu suna jira su yi wankan tsarki. Gajimare ya yi ta wasa da hankalin kowa, sannan ya yaye daidai inda ake so. Ta cikin tabarau rana ta koma kamar an gutsuri puri. 'Yan jarida biyu suka iso, namiji mai kyamara da wata mai gajeren gashi da littafi a hannu.

Aka shimfiɗa tabarma. Masta ya tsaya ya yi jawabi, murya ta buɗe kamar yana aji, har da "jakuna" ya kuɓuce masa, aka tafa. Daɗin jawabin ne ya ja masa. Kafin ya juyo Lallan ya riga ya durƙusa gaban kwano yana kwance hawa-hawa, yana jera su don mai hoto.

"Lallan, bari ni zan..."

"Haba Masta-ji, shugaba ba ya rabon abinci. Kai, Bhabhi matar yaya, wannan puri haka! Ku zo ku ga..." Sai ya leƙa hawan ƙasa. Ya sa yatsa biyu ya zaro ganye ɗaya, ya yi yaushi da mai, ya ɗaga shi sama. Ya sake zaro wani. "Af! Jama'a, ashe da mai gadi muka taho. Masta-ji, mene ne wannan?"

Wani ya yi dariya, sauran suka ɗauka. Mai kyamara ya matso. Masta ya ga alƙalamin 'yar jaridar ya tsaya a kan takarda yana jira. Da ya yi shiru na numfashi biyu ma, da wataƙila gaskiya ta fito. Bai yi ba.

"Kun san mata," in ji shi, har da ɗan murmushi. "Shekara talatin da huɗu ina koyar da 'ya'yan mutane, ta gidana ta gagare ni."

Wayyo, dariyar da aka yi! Lallan har da dukan cinya. "Bhabhi, kin kashe mu! A gidan shugaba!" Wata tsohuwar shugabar makaranta ta dafa kafaɗar Urmila ta ce, "Ba laifinki ba ne, 'yar'uwa, haka aka tashe mu, a hankali za ki gane." Kyamara ta juya kanta, ƙyas, ƙyas. 'Yar jaridar ta ce, "Anti, yaya sunanki? Me kike tsoron zai faru in babu ganyen?"

Urmila ta ja gefen sari ta rufe kai. Ba ta dubi 'yar jaridar ba. Mijinta ta duba, sau ɗaya, ba harara ba ma, dubawa kawai. Ta durƙusa, ta karɓi biyun da ke hannun Lallan, ta ɗaga puri ta tsamo sauran ba tare da ta lalube ba, ta ƙirga su a tafinta, biyar cif, ta ƙulle a gefen sari. Daga nan ta ɗauki puri daga hawan sama, wanda ganye bai taɓa ba, ta dangwali dankali ta kai baki.

"Yauwa! Ta shiryu!" in ji Lallan. Aka tafa mata kamar yarinyar da ta haddace karatu.

Aka miƙa wa Masta nasa. Ya gutsura, ya tauna, ya tauna, abu ya ƙi wucewa. Kunya ta kama shi, irin wadda bai taɓa ji ba tun da aka haife shi. Matar da ta yanka kabewa don ya ce ta yanka, ta kwana a benci a asibitin Lucknow sau biyu, ba ta taɓa buɗe baki ta ce kai ka ja ba, ita ya miƙa wa mutane su yi dariya, don kar a yi da shi.

Haske ya fara canzawa, ya koma kalar toka. Iska mai sanyi ta taso daga kogi, hankaki suka ruɗe suna komawa bishiya. Lallan na ƙirga daƙiƙa da ƙarfi. Sai duhu ya faɗo gaba ɗaya, ihun dubban mutane ya tashi daga ruwa, ana busa ƙaho ana kaɗa ƙararrawa.

"Ku cire tabarau! Ku cire! Kai! Kai! Kai!"

Kowa ya ɗaga kai. Masta ya matsa kusa da matarsa, idonsa a kan tabarma.

"Maman Nilam. Ni na sa."

"Na sani. Ta taga na gan ka. Ɗaga kanka ka duba."

"Ki yafe..."

"Baban Nilam, minti uku ne fa. Duba sama."

Ya ɗaga. Wallahi ya ɗaga. Amma idon ya cika da ruwa taf, abin da ya gani wani farin dishi-dishi ne yana rawa, kamar fitila a bayan gilashin da ruwan sama ya jiƙa. Ya goge da hannun riga, wani ya sake cikowa. Ya cire gilashinsa na gani, ya goge, ya zo mayarwa, gilashin ya faɗi a tabarma. Yana durƙushe yana lalube tsakanin ƙafafun mutane Lallan ya yi ihu a mayar da tabarau. Gari ya waye karo na biyu.

Mutane na rungumar juna, tsohuwar shugabar makaranta na kuka a fili. Masta ya miƙe da gilashi a hannu. Ya ga 'yar jaridar na rufe littafinta.

"Ku tsaya," in ji shi. Muryar ba ta aji ba ce. "Ganyen nan, ba ita ba ce. Ni na tsinka, ni na sa, da hannuna. Ƙarya na yi mata."

Lallan ya dube shi, ya dubi Urmila, sai fuskarsa ta washe.

"Kai, Masta-ji! Kun ga miji? Kun ga yadda ake rufa wa iyali asiri? Bhabhi, kin yi dace!"

"Lallan, da gaske nake."

"Mun ji, mun ji. Kai da ka shanye lemon husufi shekara talatin! Ku tafa masa!"

Suka tafa, da zuciya ɗaya kuwa. 'Yar jaridar ta sake buɗe littafi tana murmushi, ta ƙara layi biyu. Ya bi ta har bakin matakala yana rantsuwa, ta ce, "Kar ka damu, Ankul, zan rubuta shi da daɗi." Ta sauka.

A jirgin komawa sun sami kujerar taga, su biyu, kwano babu komai a tsakaninsu. 'Yan ƙungiya na can gaba suna gardamar ko tauraro nawa aka gani. Da aka wuce tasha uku ya juyo wajenta.

"Gobe hotonki zai fito."

"Ya fito. Maƙwabta su ga sabon sarina."

"Me ya sa ba ki tona ni ba?"

"A gaban Lallan?" Ta kwance gefen sari, ta zuba ganyen a tafinta tana kallo. "Ni abin da ya ba ni mamaki daban ne. Ran da aka yi wa Nilam ɗinki na farko, kana waje kana safa da marwa, na tambayi likita da bakina. Ya ce leɓe tun ciki na wata biyu yake haɗuwa, ni kuwa nawa bakwai ne ran da na riƙe wuƙa. Tun ranar ban sake tunawa da kabewar nan ba. Amma in tsohuwa ta yi magana sai in yi shiru, ina cewa ai mu biyu mun sani." Ta juyo. "Ashe ni kaɗai ce."

Ya gyara murfin kwano.

"Wai ta gidanka ta gagare ka," in ji ta. "Shekara talatin ina wanke maka kabewar da kake kaiwa aji."

Ta miƙa hannu ta taga za ta watsar da ganyen, sai ta fasa, ta kamo hannunsa ta zuba masa, ta naɗe yatsunsa a kai.

Jirgi ya ratsa gonakin shinkafa, ruwa kwance ko'ina. Can ya ce, a hankali, ba tare da ya dube ta ba, "Yaya take?"

"Wa?"

"Ranar. Ban gani ba."

Urmila ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta buɗe jaka, ta ciro lemon da ta sayo a tasha, ta riƙe shi a gaban fuskarsa daidai saitin taga.

"To gyara zama," in ji ta. "Ga wata."