Safar Baba

Da Lowrie ya bar motar nan yadda ya same ta, da ban tsaya cikin yayyafi ina zagin yayana a gaban mahaifinmu ba. Amma ina! Tun muna yara, in Lowrie ya ga abu yana aiki, sai ya kwance shi ya ga dalili.

Jif ɗin ta Baba ce, ta ma girme ni. Ita kaɗai ke iya hawa hanyar dutsen da ta nufi tsohon gidanmu, can ƙuryar tsibirin, inda aka haife mu, inda Inna ta rasu. A ranar da yamma jirgin fito zai tafi da Baba zuwa garin Lerwick, gidan kula da tsofaffi, domin mantuwa ta ci ƙarfinsa, ta ci namu. Ko sunayenmu ba ya kamawa. Magana ɗaya ta rage a bakinsa, safe da yamma: "Ku kai ni gida." Na yi masa alkawarin zan kai shi kafin jirgi. Shi ya manta, ni ban manta ba.

Motar ta daɗe a ajiye, sai Lowrie ya ce kafireto, inda mai ke haɗuwa da iska, ya yi datti. Ya cire shi, ya wanke, ya sa sababbin kaya, ya goge har kana ganin fuskarka a jiki. A tsakar gida kuwa ta yi ta kuka mai daɗi. Muka sa Baba a gaba, muka lulluɓe shi da bargo, muka kama hanya cikin hazon teku.

Ba mu yi nisa ba ta fara tari. Lowrie ya taka totur, ta yi baƙin hayaƙi, ta mutu.

"Ba komai, Osla," in ji shi. "Iska ce a layin mai."

Ya buɗe murfin inji, ya leƙa nan, ya taɓa can, ya dawo ya murɗa makulli. Ta tashi garau kamar ba ita ba. Ya kalle ni da wannan murmushin nasa na ai-na-gaya-miki. Muna fara hawa ta sake mutuwa.

Haka muka yi ta yi. Ya cire fulogi, duk sun yi baƙi, ya goge a wandonsa. Ya zare tiyon fetur, mai na zuwa. Ya hura matatar mai har ya ƙware. Ya buɗe cikin kafireton, tas yake, ko ƙwayar yashi babu. Ya murɗa wannan kusa, ya sassauta waccan. Kowane karo ta tashi, ta ɗan taɓa tafiya, ta kwanta.

"Kai dai ka cuce mu," na ce. "Mota tana zamanta lafiya ka je ka tono mata ciwo."

"Zamanta lafiya? Kaji ke ƙwai a cikinta!"

"Kajin ma sun fi ka sanin inji."

"To zo ki gyara, uwar iyawa." Ya wurgar da sifana cikin ciyawa. Sai na ga idonsa ya yi ja, ba kuma iska ce ta sa ba. Raina ya ƙara ɓaci, don ni faɗa nake so, ba tausayi ba. Can ƙasa, ta inda hazon ya yage, ana hango jirgin ya taso daga wancan tsallaken. Tafiyar ƙafa kuwa ba zancenta, Baba ko ƙofar ɗaki sai an riƙe shi.

"Sanyi take ji."

Muka juya. Baba ne, yana kallon gilashi.

"E, Baba, kowa ma sanyi yake ji," in ji Lowrie. "Ja bargonka."

"Sanyi take ji," ya sake faɗa, da irin muryar da yake kiran kare a da. "Maƙogwaronta."

Ban san abin da ya sa na saurare shi ba. Na ce wa Lowrie ya tayar da ita da murfin a buɗe, ya riƙe totur, kada ya saki. Na tsaya ina kallo. Can sai ga wani fari-fari yana kama wuyan kafireton. Na taɓa, yatsana ya manne. Ƙanƙara! Ashe danshin teku take shaƙa ya daskare mata a ciki ya shaƙe ta, kafin Lowrie ya gama neman sukurudireba ya narke, ya bar mu muna zargin fulogi.

Nan take na tuna. Akwai wani tiyo mai kauri da ke ɗauko iska mai ɗumi daga jikin inji ya kai mata, kuma tun ina yarinya da wata tsohuwar safar ulu a naɗe a jikinsa.

"Lowrie, ina safar?"

"Wannan ƙazamin tsumman? Na jefa a murhu." Sai ya ɗago kai. "Saƙar Inna ce, ko?"

Baba ya riga ya sunkuya yana kwance takalmi. Mutumin da ni nake ɓalle masa maɓallin riga, shi ne ya cire safarsa, ya fito a dafe da mota, ya zura hannu ƙarƙashin tiyon ba tare da ya duba ba. Yatsunsa suka shige wata tsaga da ba a gani daga sama, ta inda iska mai sanyi ke kutsawa. Ya naɗe ta da safar. Lowrie ya yanko waya a shinge ya ɗaure.

Ta hau. Ta yi ta gurnani cikin taɓo da duwatsu, ko tari ɗaya ba ta ƙara ba, har ƙofar gida.

Rabin rufin ya faɗa. Tumakin maƙwabta suka fito ta ƙofar kicin da gudu. Na riƙo Baba har bakin tagar da Inna ke zama ta yi saƙa.

"Baba, ga gida. Mun zo."

Ya dubi bangon, ya dubi tagar, ya daɗe yana dubawa. "Na wa ne nan?" ya ce. "Sun bar shi ya lalace."

Wayyo Allah. Da mari aka yi mini da ya fi sauƙi. Lowrie ya juya baya ya kama duba tayar da ba abin da ya same ta.

Baba ya zame hannunsa daga nawa. Ya lallaba ya koma wajen motar, ya zagaya, ya buɗe ƙofar direba ya zauna. Ya ɗora tafukansa biyu a kan sitiyari, kafaɗunsa suka sauka. Tun rasuwar Inna ban ga fuskarsa haka ba.

"Yarinya," ya ce mini, "motar wa ce wannan?"

"Ta babana ce."

"To ki gaya masa kada ya bar ta da sanyi."

Jirgin ya yi ƙaho daga ƙasa. Ƙafar Baba ɗaya tsirara take cikin takalmi, ta yi fari fat. Na durƙusa cikin taɓon, na cire safata na sa masa.