Yatsan Ƙafa Ba Ya Ƙarya

Shekara talatin da ɗaya yana jan doguwar bas ta kamfani, ba a taɓa jin ya ce wash ba. Shi ya sa direbobi suka laƙaba masa Ƙarfe. To, ƙarfe ma yana tsatsa. A bana wuyansa ya sandare, in zai dubi dama sai ya juya gaba ɗayansa daga ƙugu, kamar ana juya firji.

Likitan kamfani bai ja zance ba. Ya ɗaga hoton ƙashi a haske, ya ce ƙashi lafiya lau, nama ne ya ɗaure.

"Amma direban da ba ya iya waiwaye, ba zan sa masa hannu ba. Ka dawo nan da mako uku. In wuyan bai juya ba, sai ka miƙa makulli."

Ƙarfe ya sha ƙwayoyi, ya shafa man zafi har idonsa na ruwa, ya canza matashi sau biyu. Mako ɗaya ya tafi a banza. Tsoro ya kama shi sosai, ko da yake bai gaya wa kowa ba, don bai san yadda ake wayar gari babu sitiyari ba.

"Malam, ga ƙoshi ga kwanan yunwa," in ji matarsa. "Aikin Auta ke nan fa."

Ya yi kamar bai ji ba. Autarsa ta yi shekara uku tana karatun tausa, shi kuwa tun ranar farko ya ce matsa jiki ma sai an je makaranta? Kakarta ta yi wa mutane kyauta har ta koma ga Allah. Amma da kwanaki suka ƙara matsowa, da ƙafarsa ya hau benen da take aiki, tun kafin masu zuwa su fara zuwa.

Ɗakin ƙarami ne. Ga siririn gado mai rami a wajen kai, ga kwalbar mai a cikin kwanon ruwan ɗumi, ga hoton wani bawan Allah a bango an zana shi babu fata, duk namansa a waje. Auta ta tambaye shi ko hannunsa na mutuwa, ko yana jin jiri. Ya ce a'a. Ta sa ya cire takalmi ya kwanta ruf da ciki, daga shi sai singileti da wando.

Ta fara gasa masa kafaɗa da tawul mai zafi. Sannan ta shafa mai, tana jan tafinta daga kafaɗa zuwa ƙeya a hankali, sai da wurin ya ɗumama ta shiga murza naman.

"Baba, zan riƙa dannawa. Ka faɗa min zafin, daga ɗaya zuwa goma."

Ta danna. Ya ce sifili. Ta matsa kusa da allon kafaɗa ta sa babban yatsa, sai da ya ji abin har cikin haƙoransa.

"Sifili," in ji Ƙarfe.

Ta zagaya ta dawo daidai wurin nan, ta zagaya ta sake dawowa. Da ya kasa daurewa ya tambaye ta me take nema a nan.

"Bakinka ya ce sifili, Baba. Babban yatsan ƙafarka ya ce tara. Duk sanda na taɓa nan sai ya nannaɗe."

Washegari ya zo da safa mai kauri, a wannan zafin, wai sanyi yake ji. Auta ta yi dariya har ta dafa bango, sannan ta ja kujera ta zauna kusa da kansa.

"Baba, ba jarumta muke gwadawa ba. In ka cije ka riƙe numfashi, naman ma cijewa yake yi. Kokawa muke yi ke nan ni da kai. Na san kai za ka kayar da ni, amma motar za ka rasa."

Maganar ta shige shi. Ya daɗe yana kallon ƙasa ta cikin ramin gadon. Da yatsanta ya koma wurin, ya ji kunya kamar ya nutse, amma ya buɗe baki.

"Takwas."

"Yawwa. Ja numfashi. Sake shi a hankali."

Ta rage ƙarfi kaɗan, ta tsaya a wurin ba ta motsa ba. Ya ce shida. Can ya ce huɗu. Ƙullin da ya yi wata biyar a kafaɗarsa ya fara saki a ƙarƙashin hannun yarinyar da ya taɓa ɗauka a wannan kafaɗar. Ranar sai da ta tashe shi, don barci ya kwashe shi har da munshari.

Haka suka yi ta yi, yau a yi, gobe a huta. Ta koya masa yadda zai riƙa miƙar da wuya a tasha, ta kuma hana shi ɗage kafaɗa in yana tuƙi. Ciwon kan da ya saba da shi ma ya ɗauke. Safar kuwa ba a sake ganinta ba.

Ranar gwaji ta raka shi. A bakin ofis ya tambaye ta ko tana jin tsoro.

"Ni? Ko kaɗan."

Likita ya zaunar da shi, ya dafe masa kafaɗu biyu don kada ya yi wayo da ƙugu. Auta ta tsaya can baya, jikin ƙofa.

"Duba dama."

Wuyan ya tafi. Ya wuce taga, ya wuce sikeli, ya wuce kabad ɗin magani, bai tsaya ba sai da Ƙarfe ya hango 'yarsa ta saman kafaɗarsa. Fuskarta a sake, kamar ba abin da ya dame ta. Ya sauke ido ƙasa. Yatsun ƙafarta goma duk sun nannaɗe cikin silifa.

"Da zafi?" in ji likita.

"Biyu," in ji Ƙarfe.

Likita ya yi murmushi ya jawo biro. "Wa ya yi maka wannan aiki?"

"'Yata ce, ga ta can. Shekara uku ta yi tana karatun abin." Bai juyo ba tukuna, daɗin waiwayen yake ji. "Auta, saki yatsun nan. Mun ci."