Majiyar Pak Marzuki

Pak Marzuki yana tsoma wainar kifi cikin romon tsami ke nan wayarsa ta yi ƙara. Widuri ce, editar kamfanin da zai buga masa littafinsa na farko, bayan ya ba shekara hamsin da takwas baya.

"Pak, ƙarfe huɗu za mu miƙa wa masu ɗab'i. Abu ɗaya ya rage. Kirarin nan da ka sa wa littafin suna, 'Ruwa, ba mu hanya', wanda ka ce da shi masu fito ke tayar da jirgi a kogin Musi kafin a gina gada. A ina ka samo shi? Zan sa a shafin ƙarshe."

"Ki ba ni minti goma," ya ce, har da murmushi.

Irin tambayar da yake so ke nan. Tun da ya yi ritaya daga koyarwa, duk Asabar yana tara sababbin marubuta a wani ɗakin karatu na birnin Palembang, a Indonesiya, yana nuna musu hanyoyin bincike a intanet: rumbun tsofaffin jaridu, ƙamusun karin harshe, taswirorin zamanin Turawa, ma'ajiyar kundayen jami'a. Dokarsa ɗaya ce, kuma da yatsa a sama yake faɗinta: kada ka yarda da magana sai majiya uku sun tabbatar.

Shi kuwa yana da ukunsa. Ya buɗe kwamfuta, ya shiga ƙamusun. Ga kirarin nan, ƙamusun ya ce daga kundin wata ɗaliba ya ɗauko. Ya buɗe kundin, ita kuma ta ce daga wani shafin raya al'adu. Shafin al'adun ya ce daga "M. Anang, 2010". Ya gyaɗa kai. Wani masani ne mai sunan mahaifi irin nasa, ya daɗe yana son su haɗu.

Ya danna mahaɗin, aka ce shafin ya mutu. Bai damu ba, ai akwai rumbun da ke ajiye matattun shafuka, makon jiya ma ya koyar da shi. Ya liƙa adireshin, ya jira.

Shafi ya buɗe, kore shar. A kusurwa ga hoton wani mutum mai baƙin gashin baki, sanye da rigar da Pak Marzuki ya san an daɗe da mayar da ita tsumman goge babur. A saman rubutun an sa: "Gajeren labarina, gwajin farko."

Sai komai ya dawo masa. Ɗakin malamai, ruwan sama ya hana shi tafiya gida, ya zauna ya ƙirƙiro kirarin daga kansa. Ya buɗe shafin, ya yi rubutu shida, ya manta da shi. Bayan shekaru da ya ci karo da kalmomin a ƙamus, ya ji sun yi masa daɗin kunne kamar ya taɓa jin su, har ya yi ƙwalla, wai ashe abin da kakansa ke faɗi ke nan.

"Yaya, lafiya?" matarsa Rohaya ta tambaya daga ƙofar kicin. "Ka yi kamar wanda ya haɗiye ƙayar kifi."

Ya juya mata kwamfutar. Ta karanta, ta dubi hoton, ta dube shi, sai ta dafa bango tana dariya.

"Wato kai ne babban malamin da kake ta sa wa albarka shekara uku?"

"Wataƙila a wani wuri na ji kafin in rubuta," ya ce, murya ƙasa ƙasa.

"To tashi ka tafi wajen Wak Dolah. Sau nawa na ce ka tambaye shi? Ka ce tsoho ba majiya ba ne, ba shi da lambar shafi."

Wak Dolah, wato Abdullah bin Somad, baffanta ne, ya yi fito tun yana saurayi har gada ta kashe sana'ar. Pak Marzuki ya shiga kwalekwale mai inji ya haye, ya same shi a barandar gidansa na katako yana ba tsuntsunsa ayaba.

"A'a, yau marubuci ne a gidanmu? Intanet ɗin ta ɗauke ne?"

Bayan an gaisa ya yi tambayarsa. Tsohon ya ajiye ayabar.

"Ruwa, ba mu hanya? Ruwan kunne gare shi?"

"To, Wak, me kuke cewa in za ku tashi?"

"Cewa muke yi, 'Ku zauna, 'yan banza, za ku kifar da mu!' Wani lokaci kuma, 'Wa ya shigo da akuyar nan?'" Ya dubi kogin. "Amma masu yawo da baƙi a jirgi yanzu abin da suke faɗi ke nan. Wani har ya rubuta a jikin jirginsa. Na ce musu ban san shi ba, jikata ta nuna mini a waya, ta ce ga shi a rubuce. Tun ranar na daina ba su labarin da. Na ɗauka kaina ne ya fara tafiya."

Tun a hanya Pak Marzuki ya shirya dabara: ya ba Widuri sunan ƙamusun da kundin, ba wanda zai bi sawu, ɗalibansa na Asabar ba za su taɓa ji ba. Yanzu dabarar ta ƙi fitowa ko a zuci.

"Wak, kanka lafiya lau yake. Ni na ƙirƙira."

Tsohon ya ƙura masa ido, sannan ya tuntsire da dariya har tari ya sarƙe shi. "Kai? Kai da ke amai in jirgi ya ɗan girgiza?" Ya share ido. "Zauna. In labari kake so, yau za ka ji."

Uku da rabi ya kira Widuri. "Ki bar sunan yadda yake. A shafin ƙarshe ki rubuta cewa marubucin ne ya ƙirƙiri kirarin, ya manta, ya dawo ya yarda da shi. Ki sa na gaskiyan a ƙasa, da sunan Abdullah bin Somad, mai fito."

"Har da akuyar, Pak?"

"Har da ita."

A cikin kwalekwalen komawa ya shiga ƙamusun ta waya, ya aika da gyara, ya yi bayani dalla-dalla, ya sa cikakken sunansa. Yana taka matattakalar gidansa amsa ta shigo. Rohaya ce ta karɓi wayar ta karanta masa a bayyane, tana jan kowace kalma:

"Mun gode da sha'awarka. Ba mu karɓi gyaran ba, domin ya saɓa wa binciken masani M. Anang. Muna ba ka shawara ka karanta shi."