Ranar da Motar Bakus Ta Koma ta Jamus

Mutum ɗaya Usta Ragab direban bas ya gaya wa maganar, wato fasinjarsa ta kullum Hajja Fikriyya, kuma sai da ya sa ta rantse ba za ta faɗa wa kowa ba. Ta rantse kuwa, har da dafa ƙirji. Shi ya sa washegari da ya tsaya a tashar unguwar Bakus ta birnin Iskandariya da ƙarfe bakwai, duk wanda ya hau bas ɗin sai ya dafa kafaɗarsa ya ce, "An tashi lafiya, Bajamushe?"

Maganar ita ce, wani kamfanin sufuri na Jamus yana neman direbobi. Ragab ya yi shekara ɗaya da rabi yana karya harshe da Jamusanci, ya ci jarrabawar takarda, saura ta tuƙi. Ranar Alhamis wata mata daga kamfanin za ta hau motarsa tun daga Bakus har Manshiyya, ta ga yadda yake tuƙi da yadda yake riƙe fasinjojinsa. Ba sa ɗaukar wanda ya cika shekara arba'in da biyar, shi kuwa watan gobe zai cika. In wannan dama ta wuce shi, to shi da matarsa da 'ya'yansa mata uku za su ci gaba da cunkusuwa a ɗaki biyu a gidan surukarsa, matar da ko tarinsa ba ta son ji.

Tuƙin bai dame shi ba. Shekara goma sha tara yana ratsa Iskandariya, ko mage bai taɓa bugewa ba. Fasinjojin ne abin tsoro. Motar Ragab ba ta san wani abu wai shi tasha ba, kowa a ƙofar gidansa yake sauka. Na zaune yana karɓar kayan na tsaye ya ɗora a cinya, wani lokaci har da jariri. A ciki ake karyawa, a ciki ake neman wa 'yan mata miji, a ciki ake tsine wa mai tsaron gidan ƙungiyar ƙwallo. Kuma kowa direba ne. Mutum arba'in a bayanka, kowanne ya fi ka sanin lungun da ya kamata ka bi.

Ranar Laraba, da danja ta tsayar da su, ya juyo ya haɗa hannuwa biyu.

"Jama'a, don girman Allah, gobe kaɗai. Ku yi min hankali na minti hamsin."

"Au, yau kuma mu ne marasa hankali?" in ji Shahat mai kifi, wanda kwandonsa ke da kujerarsa ta musamman a baya. "Kai da ka taɓa tsayar da mu rabin awa kana cinikin kankana?"

"Ai har da kai aka sha."

Nan Ustaz Milad ya miƙe, ya gyara zaman tabaransa. Tsohon malamin makaranta ne, ya taɓa yin kwana tara a Jamus lokacin da aka yi masa aikin ido. Da ido ɗaya ya ga ƙasar, ɗayan yana cikin bandeji, amma tun daga lokacin ba a isa a ambaci Jamus a Bakus ba tare da izininsa ba.

"Ku bar min wannan aiki," in ji shi. "Gobe Jamusawa za mu zama. Na farko, layi. Na biyu, in akwai kujera babu kowa, ba ka zama kusa da mutum. Ba ciye-ciye. Ba karɓar kayan wani. Ido a taga ko a littafi. In za ka sauka ka danna ƙararrawa, kuma sai a tasha. Direba kuwa, ba a yi masa magana."

"In mutum ya yi sallama fa?" in ji Shahat.

"Ba mai yin sallama."

"Kurame ne?"

"Masu tsari ne."

Hajja Fikriyya ta taɓe baki. "Ni dai da na je wa 'yata wankan jego a Italiya, wallahi sun fi mu surutu a mota. Mutum yana waya, hannunsa yana neman tsone maka ido. Kuma su ma Turawa ne."

"Mu a Kuwait baƙi ne kawai ke hawa bas," Shahat ya cafe. "Da ka zauna sai barci. Na taɓa farkawa na tarar da kan wani Ba'indiye a kafaɗata, har yau ban san sunansa ba, amma mutumin kirki ne."

"Ba Italiya za shi ba, ba Kuwait za shi ba," in ji Ustaz Milad. "Hajja, gobe ki bar bakinki a gida."

"Kai ka bar naka tukuna, mu ga ko duniya za ta tashi."

Aka yi ta yi har Manshiyya. Ragab ya koma gida ransa a jagule, don shi dai bai ga alamar za su iya ba.

Ranar Alhamis ya wanke motar ciki da waje, ya gyara ƙararrawar da ta shekara bakwai a mace, ya sa farar riga. Yana karya kwanar tashar Bakus ya kusa taka birki don mamaki. Layi ne, miƙaƙƙe kamar sahun salla, Ustaz Milad a gaba da jarida a hammata. Suka riƙa hawa ɗaya bayan ɗaya, ba turereniya, ba wanda ya kalle shi. Shahat ya lulluɓe kwandonsa da sabon zane, ya kuma antaya masa turare, sai warin ya zama iri biyu. Mata da miji suka rabu, kowa ya kama tagarsa. Hajja Fikriyya ta zauna da kwanon abinci a cinya, a kansa an ɗora littafin lissafi na aji shida da Ustaz Milad ya raba mata.

A ƙarshen layi matar kamfanin take, Madam Nevin. Ba za ta wuce shekara talatin da biyar ba. A Jamus aka haife ta, amma mahaifinta ɗan Iskandariya ne, Larabcinta kuwa sai ka kasa kunne. Ta gaishe da Ragab da fara'a, ta waiga ta yi wa motar murmushi. Motar ta zuba wa taga ido. Ta zauna a kujerar gaba ta buɗe takardunta.

Da farko Ragab daɗi ya ji. Ya sa sigina, ya ba masu tsallaka titi hanya, ya tsaya daidai kan kowace tasha. Ba wanda ya ce, "Usta, a nan zan sauka, gaban mai aski." Ƙararrawa kawai ke kaɗawa, mutum ya sauka ko sai anjima babu. A ransa ya ce, ashe Ustaz Milad mutum ne.

A Sidi Gaber wani dattijo ɗan ƙauye ya hau, ba ɗan hanyar ba ne, ba wanda ya koya masa Jamusanci. Ya ɗaga murya ya yi sallama irin ta mutanen kirki. Shiru. Shahat dai ya sunkuya kamar zai gyara zanen kifi, ya amsa sallamar a cikin kwando, don kada alhaki ya hau kansa. Dattijo ya bi fuskokin mutane da kallo, ya matso kusa da Ragab ya rage murya.

"Ɗana, wa ya rasu?"

Ragab ya cije leɓe, ya nuna masa takardar da Ustaz Milad ya manna a kan gilashi, wadda ta ce ba a magana da direba. Dattijo bai iya karatu ba, ya ɗauka sanarwar jana'iza ce. Ya ɗaga hannu ya yi wa mamaci Fatiha, ya ce Allah ya ba su haƙuri, da gani babban mutum ne. Daga can baya wani ya shaƙe da dariya, ya mai da ita tari.

Ba a jima ba turaren Shahat ya iso gaba, Madam Nevin ta yi atishawa har uku. Ta ce alhamdulillahi a hankali, yadda aka koya mata tana ƙarama, ta ɗan waiga tana jira. Kai, ranar mutanen Bakus sun sha azaba. Ta madubi Ragab ya ga maƙogwaro arba'in suna haɗiye addu'a. Hajja Fikriyya ta ja mayafi ta rufe baki, mayafin yana motsi. Madam Nevin ta juyo ta ci gaba da rubutu.

Daga nan abin ya fara yi wa Ragab nauyi. Bai taɓa jin ƙarar injin motarsa haka ba, bai ma san kujerarsa tana ƙara ba. Wani ɗan tasi ya shigo masa ta hannun dama, ya jira ya ji motar ta ɗauki zagi a madadinsa kamar kullum, bai ji komai ba. Wata mata ta hau da jaka biyu da yaro a kafaɗa, ta tsaya tana tangaɗi a kowace kwana, hannuwa suna miƙowa suna komawa. Sai da Ustaz Milad ya tashi ya ba ta kujera, fuskarsa a taga, kamar ba da ita yake ba. Ragab ya ji kewar mutanen da ke zaune a bayansa, abin da bai taɓa tsammanin ana yi ba.

A Ibrahimiyya akwai wata koriyar ƙofa inda kullum yake ajiye Hajja Fikriyya, gidan yayarta da ta shekara biyu a kwance, ita take kai wa karin kumallo. Ba tasha a wurin, ta gaba kuwa tafiya ce mai nisa ga mai ciwon gwiwa. Ƙafar Ragab ta tafi kan birki da kanta. Ya ɗaga ido, suka haɗu da Hajja a madubi. Ta girgiza masa kai, ta zare masa ido irin na uwa. Ya ɗauke ƙafar, koriyar ƙofa ta wuce, shi kuwa kunya ta rufe shi. A tasha ta gaba ma ba ta danna ƙararrawa ba, ta gyara riƙon kwanonta ta ci gaba da karatun lissafi.

A Manshiyya ya tsaya, ya ja birkin hannu. Nan ce ƙarshen hanya, amma 'yan Bakus ba wanda ya motsa, kowa ya duƙufa yana neman wani abu a aljihu. Madam Nevin ta sa hannu a takarda, ta miƙa masa.

"Ka ci, Usta Ragab. Ban ga kuskure ko ɗaya ba. Ka zo ofis ranar Lahadi da fasfo."

Ya karɓa da hannu biyu. Ta rataya jakarta, sai kuma ta tsaya a bakin ƙofa.

"Ka san wani abu? Tun ina yarinya babana yake ba ni labarin motar Bakus. Wai baƙo ba ya sauka sai an san sunan kakansa, an ba shi abin taɓawa. Ni na roƙa a turo ni nan. Ashe ku ma kun zama kamar mu."

Ragab ya buɗe baki zai faɗa mata gaskiya, Ustaz Milad ya yi gyaran murya mai ƙarfi. Sai ya canza tambaya.

"Madam, can kullum haka motar take?"

"Haka? Ai nan an yi hira, wancan dattijon ya yi magana. Can za ka yi awa takwas ba wanda ya kalli fuskarka. Za ka huta, ba mai damun ka."

Ta sauka. Aka jira har ta ɓace cikin mutane, sannan Hajja Fikriyya ta wurgar da littafin lissafi ta rangaɗa guɗa, motar ta fashe da hayaniya. Masu amsa sallamar dattijo suna amsawa, masu yi wa atishawa addu'a suna yi, wani ya leƙa taga yana biyan ɗan tasin nan zaginsa ko da yake ya daɗe da ɓacewa. Dattijo ya rasa gane irin wannan makoki. Shahat ya rungume Ustaz Milad, ya shafa masa ƙarnin kifi a kwat, Ustaz kuwa yana ta faɗin, "Na gaya muku, na san ƙasar."

Ragab yana zaune da takarda a hannu. Hajja ta taso tana ɗingishi, ta dungure masa kai.

"Ka ci, ɗan nan. Mene ne kuma na ɓata fuska?"

"Hajja, minti hamsin kawai na yi, na ji kamar an rufe ni a ɗaki ni kaɗai. Ta ce can awa takwas ne. Kullum."

Na kusa suka ji, suka gaya wa na baya. Hayaniyar ta riƙa raguwa kujera bayan kujera har ta mutu, wannan karon ba tare da an koya wa kowa ba. Sai a lokacin wasunsu suka gane abin da suka taru suka yi da hannunsu.

"Amma dai za ka je?" in ji Shahat, muryarsa ƙasa-ƙasa.

Ragab ya tuna 'ya'yansa uku a kan katifa ɗaya, babbar tana karatun jarrabawa a kan matakalar bene don babu wuri a ɗaki. Ya ninke takardar sau biyu ya sa a aljihun gaba.

"Zan je."

Ya daɗe yana gyara madubin da babu abin da ya same shi, sannan ya tayar da mota.